Masu Ja Kada a Taɓa Su

Laraba, 6 ga wata, ƙarfe 7:15 na safe

'Yar Gata ta yi ɓari. Na shiga garke da bokitin dusa na tarar da ita a kusurwa tana lasar abin da bai isa lasa ba, 'yan biyu, ko gashi ba su yi ba. Na tona rami bayan ɗakin harawa na rufe su kafin Mai ɗaki ta fito, don ba na son a fara yi min "ai na faɗa" tun ban karya ba.

Akuya ta yi ɓari, ba yau aka fara ba. Sai dai shekaranjiya Litinin aka yi allura a gidan nan, kuma ruwa ba ya tsami banza.

Bari in rubuta yadda aka yi tun ban manta ba. Awakina goma sha biyu ne, biyar jajaye, bakwai farare. Huɗu daga cikin fararen suna da ciki. Sauran sun ƙi ɗauka, sai ci kamar gara. Dakta, wato malamin dabbobin da ke zagayo unguwarmu a babur, ya ce akwai allurar da ke tayar musu da neman bunsuru lokaci guda, su ɗauka tare, su haihu tare. Ya ce sharaɗinta ɗaya ne, kada ta kusanci mai ciki, domin zubar da shi take yi. Na ce wannan ai aikina ne. Shekara talatin da ɗaya ina riƙe da makullin sito a kamfanin fenti, ban taɓa haɗa kayan wani da na wani ba. Na ɗauko jan fenti na shafa wa masu cikin nan huɗu a ƙahon hagu.

Ran Litinin ɗin ina asibitin ido tun safe, layi ya hana ni dawowa. Na bar wa Dakta saƙon murya, ya zo ya yi aikinsa ya tafi. Fentin yana nan a ƙahon 'Yar Gata, yanzun nan na sake dubawa. To me ya same ta?

Laraba, ƙarfe 4:30 na yamma

Wayar Dakta a kashe. Mutumin da ko a banɗaki yake amsa waya.

Alhamis, 7 ga wata, ƙarfe 8:00 na safe

Biyu kuma sun yi ɓari, Mai Kunne da Sarauniya. Wannan karon Mai ɗaki ta riga ni gani. Ta tsaya bakin garke ta riƙe ƙugu.

"Malam, dabbar da Allah bai tashe ta ba, kai ka ce sai ta tashi. To ga shi nan sun tashi."

Na ce waɗannan ba a yi musu allura ba, ta je ta duba ƙahonsu. Ta ce ita ba ta iya karanta ƙaho ba.

Na fara tunanin Mai kaji, maƙwabcinmu na bayan katanga. Tun bara yake cewa warin bunsuruna yana hana kajinsa ƙwai, kamar kaza ta taɓa jin warin wani abu a duniya. Bahon ruwan awakin kuwa jikin katangarsa yake, mai dogon hannu zai iya zuba abu ba tare da ya tsallako ba. Na zubar da ruwan, na wanke bahon da omo, na mayar da shi tsakiyar garke. Ya leƙo yana ce min, "Alhaji, ana ta tsafta?" Har da murmushi. Na ce ana yi.

Alhamis, ƙarfe 2:10 na rana

Uwata ba ta ci abinci ba yau.

Ban rubuta zancenta a littafin nan ba tun zuwanta, saboda ba zancen uba ba ne. 'Yata ce ta fari, sunan mahaifiyata gare ta, shi ya sa nake kiran ta haka. Wata guda ke nan tana wurinmu. Gidansu a hawa na uku yake, likita ta hana ta hawan bene, mijinta kuma yana can yana kafa ƙarafunan waya a wani gari. Ranar da ta zo Mai ɗaki ta ce min, tana kallon bango, "Yarinyar nan fa ba ita kaɗai ba ce." Wata huɗu. Shekara bakwai da aure, sau biyu abin yana zuwa yana komawa. Tun daga ranar ban ce komai ba, ita ma Uwata ba ta ce ba. A hukumance ban sani ba. In na sayo lemu sai in ce araha na samu.

Juma'a, 8 ga wata, ƙarfe 6:50 na safe

Ta huɗun ma ta zubar. Duk masu fenti, ba ko ɗaya da ta tsira. Sauran fararen uku kuma sun cika gida da kuka suna kaɗa wutsiya, bunsuru ya rasa wadda zai bi. Jajayen nan biyar da na fi so su ɗauka suna kwance suna tuƙa kamar ba da su ake ba.

Wani abu kuma. Kwalbar maganin ba ta cikin firij. Ni na sayo ta, na san girmanta, awaki takwas ba za su shanye ta ba. Ina sauran? Na tambayi Uwata, ta ce, "Ya ƙare, Baba," ta sunkuyar da kai. Yarinyar nan ba ta iya ƙarya ba tun tana ƙarama, kunnenta ke fara nunawa. Rufa wa Dakta asiri take yi. Ya zuba rabin kwalba a jaka ya je ya sayar, ya kashe waya. Biri ya yi kama da mutum.

Asabar, 9 ga wata, ƙarfe 11:40 na safe

Muna asibiti. Mai ɗaki ta buga min ƙofa da safe ta ce in nemo mota, ta ga jini. Ban tambaya na wa ba.

An kwantar da Uwata a ɗakin mata, gado na uku daga taga. Ni ina benci a baranda tare da wasu maza biyu, kowa yana kallon takalminsa. Mai ɗaki ta fito ta ce an yi hoto, zuciya tana bugawa, likita ta ce kwanciya kawai, ko banɗaki sai an riƙe ta. Ta ƙara da cewa ashe tun yammacin Litinin mararta take murɗawa, ta yi shiru don kada a ɗaga hankali.

Litinin. Ranaku bakwai ne a mako, dole abu ya faɗa a ɗaya daga ciki.

Lahadi, 10 ga wata, ƙarfe 5:00 na yamma

Jinin ya ragu. Na kai lemu. Wayar Dakta a kashe.

Litinin, 11 ga wata, ƙarfe 1:20 na rana

Na je wurin mai kemis ɗin dabbobi na bakin kasuwa, inda na sayi kwalbar. Gaskiya Dakta ya ce in bari shi ya zo da tasa, ni ne na ce na san inda ta fi sauƙi. Shagon ɗan tsugul ne, buhunan abincin kaji har rufi, firij ɗinsa kuma ina shakkar ko ya taɓa ganin wuta. Na ce masa jabu ya sayar min.

"Baba, me ya faru?"

Na ce huɗu sun yi ɓari, uku suna neman bunsuru.

Ya yi dariya har da buga kanta. "To ai Baba ka zo yi min talla ne. Da jabu ne da ba abin da zai motsa. Maganin ya yi aikinsa, masu ciki aka yi wa."

Na ce ba a yi musu ba, akwai alama a ƙahonsu. Ya ce shi magani yake sayarwa, ba ya nan aka yi allura. Sannan ya ce, "Ka dai karanta takardar da ke cikin kwalin ko?" Na ce ni ba yau na fara ganin takarda ba, na fito.

Bakinsu ɗaya da Dakta, na gane daga yadda ya yi saurin kare kansa. Wanda bai yi laifi ba ai ba ya shirya amsa.

Talata, 12 ga wata, ƙarfe 9:30 na safe

Ina share garke tsintsiya ta kwaso gilashi a gindin turke na biyu, an tura shi ƙarƙashin ƙasa da ƙafa. Ruwan ƙasa-ƙasa ne, har da murfin roba da guntun takardar jiki. Kwalbata ce.

Ke nan ba sace ta aka yi ba, fashewa ta yi. To me ya sa aka ɓoye min? Kuma a hannun wa ta fashe?

Na zuba gilashin a gwangwanin fenti na rufe. Ban gaya wa Mai ɗaki ba, tana asibiti, abin da ke kanta ya ishe ta.

Laraba, 13 ga wata, ƙarfe 12:00 na rana

Dakta ya zo da ƙafarsa. Wai an tura su rigakafi ƙauyukan da ba sabis, jiya ya dawo ya ga kira goma sha tara. Na shigar da shi garke ban ko ba shi wurin zama ba. Na ce ya nuna min waɗanda ya yi wa.

Ya nuna fararen nan bakwai, ɗaya bayan ɗaya.

Na ce, "Kai, ba ka ji saƙona ba?"

"Na ji, Baba. Ga shi nan ma ban goge ba."

Ya ciro waya ya danna. Sai ga muryata, da hayaniyar asibitin ido a baya: "Dakta, ina layi, ka je ka yi kawai. Masu ja kada a taɓa su, sauran duk a yi musu."

Ya ce, "Ga masu ja nan guda biyar, ban taɓa su ba."

Na ce jan fenti nake nufi, fenti, a ƙaho! Ya ce ya ga fentin, ya ɗauka alamar waɗanda suka fi gaggawa ce, da su ma ya fara. Ya ce ya so ya lalube cikinsu tukuna, sai ya tuna na ce masa na ware su da kaina, kuma kada a koya min aikina. Na faɗi haka, ban musa ba. Amma mutum mai takardar makaranta ai ba ya aiki da maganar tsoho. Ya kamata ya duba. Na gaya masa hakan sau uku, ya ce haka ne, ya kamata.

Sai na ciro gwangwanin na buɗe masa.

"Au, Anti 'yarka ba ta faɗa maka ba? Akuyar ƙarshe ce ta yi harbi, kwalbar tana hannun Anti, ta bugu da turke. Maganin ya jiƙe mata hannu har gwiwar hannu. Na ce ta wanke, ta ce bari mu gama. Ita ta ce kada in gaya maka, za ka yi faɗan kwalba."

Na ce tana asibiti.

"Subhanallahi. Me ya same ta?"

Ya dube ni, na dubi bunsuru. Na ga lokacin da ya gane, fuskarsa ta sauya.

"Baba, ciki gare ta?"

Ban taɓa jin wani ya faɗi kalmar a kanta a gabana ba. Na ce masa ya iya bakinsa.

"Baba, wallahi da na sani ko ƙofar garken nan ba za ta taka ba. Hijabi ne har ƙasa, ta ina zan sani? Ai na gaya maka, kada ta kusanci mai ciki."

Na ce awaki muke magana a kansu ranar.

"Ni ban ce akuya ba, Baba. Maganin nan yana ratsa fata. Ga shi akwai yanka a tafin hannunta, na gani, ta ce wuƙa ce. Don Allah a gaya wa likitarta yau, a kai mata takardar kwalin."

Na ce zan gaya mata. Ya tafi bai karɓi ko ruwa ba.

Laraba, ƙarfe 5:45 na yamma

Shi Dakta ai da safar hannu yake aiki, ita bai ba ta ba. Wannan ma abin tambaya ne. Kuma wa ya sani ko tsoratar da ni yake yi don in manta da awaki huɗu.

Alhamis, 14 ga wata, ƙarfe 3:00 na rana

Na karɓo sabon tabarau. Komai ya fito tar, har tsagar da ke bangon falo wadda na ɗauka inuwa ce.

Takardar tana durowata ta sama, inda nake ajiye takardun rediyo da na fanka. Ranar da na sayo maganin kwalin ya ƙi shiga ƙofar firij, sai na yar da shi, na ninke takardar na ce in an gyara min ido na karanta. Rubutun ƙanana ne kamar ƙwan kwarkwata. A ƙasa akwai akwati mai baƙin layi, da ɗan zanen mace an ja mata layi a kai. Na karanta akwatin sau biyu. Na mayar da takardar na rufe durowa.

Juma'a, 15 ga wata, ƙarfe 10:00 na safe

Jinin ya tsaya. Tunda ya tsaya, mene ne na tayar da zance.

Asabar, 16 ga wata, ƙarfe 6:10 na yamma

Mijin Uwata ya iso da jakarsa a kafaɗa, ko gida bai biya ba. Ya durƙusa ya gaishe ni a baranda, ya ce, "Baba, mun gode da ɗawainiya. Da a gidanmu take da ban san yadda za a yi ba." Na ce ai yi wa kai ne.

Likitar ta zo zagaye muna nan. Doguwa ce, ba ta da yawan magana, tana rubutu tana tambaya. Ƙofa a buɗe take, ina jin komai. Ta ce, "Ta sha wani abu kafin jinin ya fara? Maganin gargajiya, na kemis, ko ta taɓa wani sinadari, maganin ɓera, na ƙwari?" Mai ɗaki ta ce ko kwano ba a barin ta ta wanke. Uwata ta ce babu. Ba ta san abin da ya zube mata ba, a wurinta maganin awaki ne kawai. Likitar ta leƙo ta dube ni. Na gyara tabarau.

Me ya sa ta dube ni? Ko Dakta ya riga ni zuwa? Ma'aikatan lafiya duk sun san juna, na mutane da na dabbobi.

Lahadi, 17 ga wata, ƙarfe 8:20 na safe

Saƙon Dakta: "Baba, an faɗa?" Ban amsa ba. Yana so ya samu shaida a rubuce ne, in abu ya ɓaci ya ce shi ya yi nasa.

Mai kaji ya aiko da ƙwai kiret guda, wai a kai wa mara lafiya. Wa ya gaya masa? Na ajiye su a kicin ban kai ba.

Talata, 19 ga wata, ƙarfe 4:40 na yamma

Yau na ji dariyar Uwata daga baranda. Ita da uwarta suna ƙus-ƙus, da na shiga suka yi tsit, Mai ɗaki tana goge ido da gefen mayafi tana murmushi. Na ce lafiya? Suka ce lafiya lau. Zancena suke yi, na sani. Na ajiye lemu na ce araha na samu. Uwata ta ce, "Baba, mai lemun nan naka kullum asara yake yi." Muka yi dariya mu uku.

Na ga tafin hannunta da ta miƙo. Yankan ya warke, saura ɗan layi.

Likita ta ce in aka kai Juma'a a haka za a sallame ta. Ban buɗe durowa ba.

Laraba, 20 ga wata, ƙarfe 2:30 na rana

Jinin ya dawo. Ya fi na farko.

Alhamis, 21 ga wata, ƙarfe 11:15 na safe

Na sa takardar a aljihu tun asuba. Na zauna a ƙofar ofishin likitar har ta gama ganin mutane, na shiga na ajiye mata a tebur. Ta ce, "Baba, mene ne wannan?" Na buɗe baki, kalmar ta ƙi fita. Daga baya na ce, "'Yata mai ciki, ta gado na uku. Wannan ya zube mata a hannu ran huɗu ga wata."

Ta karanta har ƙasa. Ta ce yaushe na sani. Na ce kwana takwas. Ta cire tabaranta ta ajiye.

"Ran Asabar na yi tambaya kana zaune."

Na ce ina zaune.

Na tambaye ta ko shi ne. Ta ce irin wannan magani in zai yi ɓarna a kwanakin farko yake yi, kuma ciwon marar ya fara a ranar, wannan gaskiya ne. Amma yau kwana goma sha bakwai, ya daɗe da barin jikinta, kuma ta yi ɓari sau biyu a baya ba tare da wata kwalba ba. Ta ce, "Ba zan ce maka shi ne ba, ba zan ce maka ba shi ba ne." Na ce da na faɗa da wuri fa? Ta ce da ta san abin da take faɗa da shi, iyakar abin da za ta iya cewa ke nan. Ta ce dole ta gaya wa mara lafiyarta da mijinta. Na ce ta bari ni in faɗa.

Na same su su uku. Na tsaya daga ƙafar gado na faɗa ina kallon ƙarfen ƙarin ruwa. Na faɗi har abin da ban rubuta a littafin nan ba: ran Litinin ɗin, ina sa takalmi zan fita, ni na ce mata, "Uwata, in Dakta ya zo ki ba shi kwalbar firij, ki ɗan riƙe masa, zaman nan ma ya yi miki yawa." Ba wanda ya sa ta sai ni.

Mai ɗaki ba ta ce "ai na faɗa" ba. Da ta ce da na ji sauƙi. Mijin ya tashi ya fita, ya wuce ta gefena yana kaucewa kada kafaɗarsa ta taɓa ni. Uwata ta juya fuska bango.

Juma'a, 22 ga wata, ƙarfe 1:50 na rana

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Wajen goma na safe. Namiji ne.

Asabar, 23 ga wata, ƙarfe 7:00 na safe

Jajayen sun fara neman bunsuru da kansu, ba allura ba komai. Na ɗaure shi a waje.

Litinin, 25 ga wata, ƙarfe 5:30 na yamma

Dakta ya zo gaisuwa, ya zauna a ƙasa, ya ce laifinsa ne da bai tambaya ba. Na ce ya tashi. Mai kaji ma ya shigo, ashe matarsa ce ta ga fitarmu da mota ranar. Ƙwansa yana nan a kicin, na san ya gani.

Na zauna na lissafa mutanen da na zarga a littafin nan: maƙwabci, mai kemis, Dakta, likita, har matata da 'yata don sun yi dariya. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Kunya nake ji, kuma tsoro nake ji, domin likita ta ce ba za a taɓa sani ba. Da ta ce ni ne da na san abin da zan roƙi gafara a kai.

An sallamo Uwata jiya. Mijinta ya so ya wuce da ita gidansu, ita ta ce nan. Ban shiga ɗakin ba. Mata suna ta shige da fice suna yi mata sannu, ni ina garke ina gyara turken da ba abin da ya same shi.

Laraba, 27 ga wata, ƙarfe 9:40 na safe

Ina zaune kan buhun dusa na ji takunta. Ta tsaya a ƙofar garke tana dafe da ƙyaure, ta rame, mayafin uwarta a kafaɗarta. Na ce ta koma ciki, iska.

"Baba, kowa ya yi min sannu ban da kai."

Na ce ban san da wane baki zan yi ba.

"Da wanda kake yi wa Dakta faɗa."

Na ce, "Uwata, ni ne."

"Ban tambaye ka ko kai ne ba. Ni ma na ƙi wanke hannu, na ɓoye kwalba. Biyun farko kuma wa za mu kama? Sannu na ce ka yi min."

Na miƙe. Na ce, "Sannu, Uwata. Sannu da rashin ɗanki. Allah ya ba ki mai tsayawa." Ta ce amin. Ta daɗe tana kallon awakin, ni ina kallon ƙasa. Na ɗauka ta gama, sai ta ce:

"Ka tuna ran Talata da ka shigo muka yi shiru? Ranar ya fara motsi. Sau uku, nan gefen. Biyun farko ba su kai nan ba. Na ce wa Mama bari in gaya wa Baba, ta ce ke ba ki da kunya. Na so ka sani, Baba. Jikanka ya yi motsi."

Ta juya ta koma ciki a hankali tana bin bango. Awakin suna ta kuka, ban zuba musu dusar ba tukuna.